Waliyiya Hedwig ta Ƙasar Folan da Ƙoƙon Ruwanta

Ran 16 ga Oktoba ne Ikilisiyar Katolika ke yin idin Waliyiya Hedwig, wadda mutanen Folan ke kira Yadwiga. A irin wannan rana ce aka zaɓi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, ɗan Folan, a 1978, a cikinta kuma aka kafa Dayosis ɗinmu na Katsina a 2023. Saboda haka ya kamata mu san ko wace ce ita.

An haife ta wajen 1174 a Andechs ta ƙasar Jamus, cikin gidan sarauta. Tana da shekara 12 aka aurar da ita ga Henri, wanda ya zama sarkin Silesiya a Folan, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ita da maigidanta suka gina gidan sistoci a Trzebnica wajen 1202, ta kuma kula da kutare da 'yan kurkuku.

Duk da wadatar fada, ruwa ne abin shanta, ba ta damu da takalmi ba ko da lokacin sanyi. Labarin da aka gada ya nuna cewa an kai ƙararta wurin sarki, wai tana ƙuntata wa kanta da ruwa zalla. Ya shigo cikin fushi, ya ɗauki ƙoƙonta ya kurɓa, sai ya ji ruwan inabi. Har yau akwai tsofaffin kofunan gilashi masu sunanta, ɗaya yana gidan tarihi a Landan.

Maigidanta ya rasu a 1238. Ran 9 ga Afrilu 1241 kuma mayaƙan Mongol suka kashe ɗanta Henri na Biyu a Legnica. Da labari ya iso, ita ce ta riƙa ba surukarta Anna haƙuri. Ta rasu a Trzebnica ran 15 ga Oktoba 1243, Paparoma Klement na Huɗu ya sa ta cikin waliyyai a 1267.

Kiristocin Folan sukan kai ruwan inabi majami'a ran 27 ga Disamba, idin Manzo Yohanna, a sa masa albarka, kowa ya kurɓa kaɗan. Mu kuwa a nan, sau da yawa idi yakan ƙare a gindin tukunyar burukutu, wasunmu ma su ce baƙin ciki suke kashewa. To, a Batsari da Safana, bakin dajin Rugu, uwaye da yawa sun sha irin baƙin cikin Hedwig a hannun 'yan bindiga, gonaki kuma sun kwana ba noma. Dawar da za mu jiƙa domin burukutun Kirsimeti, mu auna tiya biyu mu kai wa gwauruwa da marayunta, kamar yadda Hedwig ta ciyar da matalauta da hannunta.

Allah ya ba mu irin zuciyarta. Amin.