Vishnu Digambar Paluskar: Mawaƙin da Ya Fitar da Waƙa daga Fada

A arewacin ƙasar Indiya akwai wata tsohuwar hanyar rera waƙa da ake kira Hindustani. Shekaru aru-aru, wannan waƙa ba ta cika fita daga fadojin sarakuna, da gidajen attajirai, da wuraren ibada ba. Talaka kuwa sai dai ya ji labarinta. Ɗaya daga cikin mutanen da suka sauya wannan hali shi ne Vishnu Digambar Paluskar.

An haifi Paluskar ranar 18 ga watan Agusta, 1872, a garin Kurundwad, wanda yanzu yake cikin jihar Maharashtra. A lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa mai rera waƙoƙin addinin Hindu ne, saboda haka yaron ya tashi yana jin waƙa a gida. Tun yana ƙarami wani bala'i ya auka masa: ana cikin wani biki, sai abin wasan wuta ya fashe kusa da fuskarsa, ya raunana masa idanu. Karatun littafi ya yi masa wuya, amma muryarsa tana nan da zaƙinta. Da Sarkin Miraj ya lura da baiwar yaron, sai ya danƙa shi ga wani babban malamin waƙa mai suna Balakrishnabuwa.

A wancan zamani babu makarantar waƙa irin ta yau. Almajiri yakan zauna a gidan malaminsa, ya yi masa hidima, malamin kuma ya koya masa da baki, kaɗan-kaɗan, a lokacin da ya ga dama. Kowane gidan mawaƙa yana da salonsa, ana kiran irin wannan gida gharana, kuma yawancinsu suna ɓoye iliminsu, ba sa bayar da shi sai ga 'ya'yansu da amintattun almajirai. Malamin Paluskar yana bin salon gidan Gwalior, wanda wasu 'yan'uwa biyu Musulmi, Haddu Khan da Hassu Khan, suka ɗaukaka sunansa a ƙarni na 19. Paluskar ya yi shekara goma sha biyu a hannun malaminsa.

Me ake koyo har tsawon waɗannan shekaru? Tushen wannan waƙa abu biyu ne. Na farko shi ne raga, wato tsarin hawa da saukar murya. Akwai matakan sauti guda bakwai, sunayensu sa, re, ga, ma, pa, dha da ni. Kowane raga yana zaɓen wasu daga cikinsu, yana kuma da ƙa'idar yadda za a bi su. Yana da lokacinsa ma: ana rera Bhairav da asuba, Yaman da farkon dare, Malhar kuwa da damina. Na biyu shi ne tala, wato zagayen bugun ganga. Wanda aka fi sani, tintal, yana da bugu goma sha shida, in sun cika sai a koma na farko.

A wurin wasa, mawaƙi yakan zauna a kan shimfiɗa, ya tanƙwashe ƙafafu. A bayansa akwai masu kaɗa tanpura, wani abin kiɗa mai dogon wuya, galibi da tsirkiya huɗu, wanda ke riƙe masa sautin tushe. A gefensa kuma ga mai tabla, wato ƙananan ganguna biyu da ake kaɗawa da yatsu. Mawaƙin yakan fara a hankali, yana bayyana ragan mataki-mataki. Daga nan sai a ƙara sauri, har a kai ƙololuwa. Kalmomin waƙar ba su da yawa, sau da yawa ba su wuce layi huɗu ba, amma gwani yana iya shafe sa'a guda a kansu, domin mafi yawan abin da yake rerawa nan take yake ƙirƙirarsa. Masu sauraro suna ƙirga bugun a zuci. Idan mawaƙi ya yi nisa da murya, sannan ya dawo daidai kan bugun farko, sai a ji wuri ya ɗauka da yabo. Shi ya sa ba a taɓa rera raga ɗaya iri ɗaya sau biyu.

Duk da wahalar wannan ilimi, Paluskar ya ga cewa jama'a ba su girmama mawaƙa. Ana jin daɗin muryarsu, amma ana ɗaukarsu kamar barori, abincinsu yana hannun wanda suke yi wa waƙa. Abin ya dame shi ƙwarai, musamman da ya ga ana yi wa malaminsa irin wannan kallo. A shekarar 1896 ya bar Miraj, ya shiga yawon ƙasa. Ya yi waƙa a Baroda da Gwalior, ya kuma zauna a Mathura ya koyi harshen Braj, wanda da shi aka tsara yawancin tsofaffin waƙoƙin. A yankin Saurashtra ya yi wani abu da ya saɓa wa al'ada: ya shirya wasa a bainar jama'a, duk mai so ya biya kuɗi kaɗan ya shiga. Ana lissafa shi cikin mawaƙan farko da suka yi haka. Ta wannan hanya mawaƙi ya sami abin dogaro ban da kyautar sarki.

Ranar 5 ga watan Mayu, 1901, ya buɗe makarantar waƙa a birnin Lahore, wanda yanzu yake cikin Pakistan. Sunanta Gandharva Mahavidyalaya. Ƙofarta a buɗe take ga kowa, kuma ana tafiyar da ita da gudummawar jama'a da kuɗin da shi kansa yake samu a wasanni. Ya tsara darussa da jarrabawa, ya ƙago hanyar rubuta sauti a takarda, ya wallafa littattafai, don kada ilimin ya mutu tare da masu shi. Ya kuma sauya kalmomin wasu waƙoƙi da iyaye suke ƙyama, ya sa na ibada a madadinsu. Sannu a hankali, iyalan da a dā ba za su yarda 'ya'yansu su kusanci waƙa ba suka fara kawo su.

A shekarar 1908 ya buɗe reshe a Bombay, wato Mumbai ta yau, daga baya ya mayar da cibiyar makarantar can. Ɗalibai suka yi yawa, sai ya ci bashi ya gina sabon gini da ɗakunan kwana. Ya dinga yawon wasa don ya biya, amma abin ya fi ƙarfinsa. A 1924, yana kan tafiya, masu binsa bashi suka sa aka yi gwanjon makarantar. Ya ƙarasa rayuwarsa yana rera waƙoƙin ibada, ya kuma riƙa yin waƙa a tarurrukan masu neman 'yancin Indiya. Ya mutu ranar 21 ga watan Agusta, 1931, yana da shekara 59.

Gini ya tafi, amma aikin bai tafi ba. Almajiransa, irin su Omkarnath Thakur, da Vinayakrao Patwardhan, da Narayanrao Vyas, sun zama manyan mawaƙa da malamai. Bayan mutuwarsa suka haɗu suka kafa hukumar da har yau take shirya jarrabawar waƙa da sunan makarantarsa. Ɗansa, D. V. Paluskar, shi ma ya yi suna ƙwarai. A 1973 gwamnatin Indiya ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa. A yau, malamin makaranta ko ɗan kasuwa yana iya sayen tikiti ya zauna ya saurari raga har tsakar dare, mawaƙin kuma ana kiransa Pandit ko Ustad, wato malami.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Paluskar, kuma a wane gari?
2. Yaya almajiri yake koyon waƙa a zamanin ƙuruciyarsa?
3. Mene ne bambanci tsakanin raga da tala?
4. Me ya sa ba a rera raga ɗaya iri ɗaya sau biyu?
5. Me ya faru da makarantarsa a shekarar 1924?