Tunawa da Rabilu Musa Ibro: gandiroban da ya koma sarkin barkwanci

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei da ke Abuja na tashi. Ina yaro, duk ranar da Baba zai bi tirela zuwa Legas, sai ya sa an sayo masa faifan Ibro biyu ko uku ya cusa a jaka. Tsarabar da abokansa na Agege suke jira ke nan, har ta fi musu kilishi. Shi ya sa na ga ya dace in tuna mana da mutumin nan, musamman 'yan uwa mazauna Sabo a Ibadan da Shagamu da Lokpanta da sauran zangonnin Kudu.

Sunansa Rabilu Musa, an haife shi a 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano. A ƙauyensu ya yi firamare, daga nan ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil. Abin da yara da yawa ba su sani ba, kafin fim ya ɗauke shi aikin gandiroba ya yi, wajen shekara 8 yana gadin fursunoni. Ya ajiye kaki da albashin gwamnati ya rungumi wasan kwaikwayo, a lokacin da ake kallon ɗan wasa a matsayin wanda ya rasa abin yi.

A zamanin da finafinan soyayya irin na Indiya suka cika kasuwa, jarumai na sa kwat suna rawa a cikin furanni, shi Ibro wata hanya ya bi. Yakan fito a talaka futuk: ɗan ƙauye, mai gadi, direba, magidancin da bashi ya yi wa katutu. Hula a karkace, riga ta yi masa yawa, ga tsoro ga cika baki. Ya ƙulla dabara ta warware a kansa, ya sha duka, gobe ya sake ƙulla wata. Irin finafinan nan ne ake kira camama, kuma tare da su Ciroki da Daushe ya mayar da su abin da kowane gida ke nema. Sunansa kaɗai sayar da faifai yake yi, shi ya sa ake liƙa shi a jikin sunan fim, kamar Ibro Usama da Ibro Aloko.

Dariyar ba a banza ya same ta ba. Ibro Usama, wanda ya fito a 2002 bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, ya jawo masa fushin wasu malamai. Sai kuma 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Kano a mulkin Malam Ibrahim Shekarau. Aka kama shi a kan batun Ibro Aloko da rajistar kamfani, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa wata biyu. Ikon Allah ke nan: wanda ya yi shekaru yana rufe wasu, shi ma aka rufe shi. Da ya fito bai bar sana'ar ba, ya ci gaba da fim har ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Allah ya karɓi ransa ranar 10 ga Disamba 2014 a Kano, bai wuce shekara 43 ba, aka kai shi Ɗanlasan aka binne.

Ina ƙaramar sakandare a lokacin. Na tuna yadda labarin ya zagaya kara, dillalai suka bar ciniki suka yi cirko-cirko suna salati. Baba, wanda kullum yake mana faɗan kallon shirme, ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Sai da na girma na gane abin da faifan nan suke yi a Kudu. Ina da 'yan uwa da aka haifa a Agege, Yarabanci da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu. Amma in aka kunna Ibro, sai ka ji suna maimaita zantukansa da Hausar Kano tsantsa, da karin magana da baƙar magana da iyayensu ba su samu lokacin koya musu ba. Wallahi wasu a wurinsa suka fara sanin yadda ƙauyen Hausa yake.

A Amurka akwai wani ɗan wasa, Walter Brennan, wanda yawanci a tsoho ko abokin jarumi yake fitowa, amma sau uku ana ba shi kyautar Oscar, a kan finafinan 1936 da 1938 da 1940, kuma har yau finafinansa suna nan a adane. Mu fa? Faifan Ibro sun karce, shagunan haya sun rufe, abin da ya rage guntaye ne a YouTube da TikTok, wasu ko sunan fim ɗin babu. In muka yi sake, yaran da ake haifa yanzu sunansa kawai za su ji.

Don haka duk mai tsohon kaset ko faifai a ƙasan akwati, don Allah kada ya zubar. A kai wa masu kwamfuta su juye shi, a nuna wa yara. Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya yafe masa kurakuransa, ya albarkaci abin da ya bari.