Mary Slessor: Uwar Marayu Da Ta Zauna Kujerar Shari'a

Yawancinmu mun san Mary Slessor a kan ceton tagwaye a ƙasar Kalaba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ta riƙe gida cike da yara alhali tana aikin albashi.

An haife ta a Abadin ta ƙasar Sukotlan ran 2 ga Disamba, 1848, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta maɗinkin takalma ne, amma giya ta ci ƙarfinsa. Da suka koma Dandi a 1859, uwarta ce ta shiga masaƙa domin ta ciyar da gida, ranar Lahadi kuma ta tasa yaran gaba zuwa sujada. Mary tana shekara 11 ita ma ta kama aikin masaƙar, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Daga baya ta koma yini cur, ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma.

Ta iso Kalaba a 1876. Albashinta na mishan ba shi da yawa, duk da haka takan aika da kaso mai tsoka gida domin uwarta da ƙannenta. Don kuɗin su isa, ta bar abincin Turawa ta koma cin na mutanen gari. Ba ta yi aure ba, amma ɗakinta bai rabu da kukan jarirai ba, domin tagwaye da marayun da aka yasar wurinta ake kawo su.

A 1888 ta tare a Okoyon, a 1892 kuma gwamnatin Ingila ta ba ta aikin shari'a a can. Takan zauna sauraron ƙara sa'o'i da yawa tana saƙa da hannu, dare ya yi ta koma ga jinyar yara, ga zazzaɓi da bai ƙyale ta ba. A 1898 da rashin lafiya ta tilasta mata tafiya gida, ta tafi da 'yan mata huɗu daga cikin yaranta har Sukotlan.

To, wa ke riƙe ƙanana idan tana kotu ko ta yi tafiya? Janie ce, tagwayen da ta ceto tun tana jaririya. Ita ke dafuwa, ita ke reno, kamar yadda Mary ta tallafi tata uwar a Dandi. Mu a nan Shanga wannan ba baƙon abu ba ne. Uwa ta tafi koyarwa ko ta kai kifi kasuwar Yawuri, babbar 'ya ce ke goyo, wani lokaci har karatunta ya sha wuya. A ganinmu, duk inda aka yabi Mary ya kamata a ambaci Janie.

Mary ta rasu a Use Ikot Oku ran 13 ga Janairu, 1915, yaranta na kewaye da ita. An binne ta a Kalaba.