Asbjørn Halvorsen, kocin da ya kunyata Hitler a Berlin

Yau in aka ce Norway a zancen ƙwallo, Haaland da Ødegaard ne za su faɗo muku a rai. To, tun kafin a haifi kakanninsu an yi wani mutum da ƙasar ba za ta manta da shi ba, Asbjørn Halvorsen, wanda ake wa laƙabi da Assi.

A garin Sarpsborg aka haife shi a 1898. Yana ɗan shekara 18 ya ci kofin ƙasa da ƙungiyar garinsu a 1917. A gasar Olamfik ta 1920 yana cikin 'yan Norway da suka lallasa Birtaniya da ci 3-1, a lokacin da Turawan Ingila ke ganin ƙwallo gadon gidansu ce. Ɗan wasan tsakiya ne, irin mai raba ƙwallo yana tsara wasa.

A 1921 aiki ya kai shi Hamburg ta Jamus, a harkar jiragen ruwa. Kun san a wancan zamani ƙwallo ba ta ciyar da mutum, sai ka tashi daga aiki sannan ka ɗaura takalmi. Ya shiga ƙungiyar Hamburger SV, ya ci kofin Jamus da ita a 1923 da 1928. A gabansa akwai wani mai cin ƙwallo da Jamusawa ke ji da shi, Otto Harder. Halvorsen ya tura, Harder ya zura a raga. Ku riƙe sunan nan fa, za mu dawo kansa.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, bai daɗe ba ya tattara ya koma gida, aka ba shi jagorancin tawagar ƙasa. Sai ga Olamfik ta 1936 a Berlin, gasar da Hitler ya shirya don nuna wa duniya fifikon Jamusawa. Jamus ta yi wa Luxembourg ruwan ƙwallo 9-0 a wasan farko, don haka aka ɗauka Norway ma lomar tuwo ce. Hitler da kansa ya zo kallo tare da manyan muƙarrabansa. Magnar Isaksen ya ci ɗaya tun farkon wasa, ya ƙara ta biyu dab da tashi. Hitler bai jira busar ƙarshe ba, ya fice a fusace. Gaskiya ba abin mamaki ba ne sosai, mutumin da ya yi sama da shekara goma yana buga ƙwallon Jamus ai ya san lagonsu. Norway ta sha kashi a hannun Italiya a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Poland 3-2 ta ɗauki tagulla.

A watan Afrilun 1940 sojojin Jamus suka mamaye Norway. Suka nemi mayar da ƙungiyoyin wasanni ƙarƙashin tsarin Nazi, 'yan wasan ƙasar kuwa suka ce ba da su ba, suka ƙaurace wa gasanni har yaƙi ya ƙare. Halvorsen, da yake sakataren hukumar ƙwallon ƙasa, yana sahun gaba na masu bijirewa. A nan ne ni nake jinjina masa. Yana jin Jamusanci, Jamusawa sun san shi, suna girmama shi. Da ya so, da ya zauna kan kujerarsa ya ci gaba da shan shayinsa.

A 1942 aka kama shi. Daga kurkukun Grini aka wuce da shi sansanin Natzweiler a yankin Alsace, cikin rukunin fursunonin da ake so su ɓace ɓat, ko iyalansu kada su ji ɗuriyarsu. Aikin bauta, yunwa, duka, cuta. Da motocin ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Sweden suka kwaso shi a 1945, nauyinsa bai kai kilo 50 ba.

Harder fa? Ya shiga rundunar SS, ya yi aiki a sansanin Neuengamme kusa da Hamburg, daga baya ya zama shugaban wani sansani a Ahlem, kusa da Hanover. Riga ɗaya suka sa, kofi ɗaya suka ɗaga, amma da yaƙi ya zo ɗaya mai tsaron sansani ne, ɗaya fursuna. Kotun sojan Birtaniya ta yanke wa Harder shekara 15 a 1947, aka sake shi bayan 'yan shekaru.

Halvorsen ya koma aikinsa a hukumar ƙwallo a matsayin babban sakatare, sai dai jikin bai taɓa dawowa daidai ba. A watan Janairun 1955 ya rasu a Narvik, can arewacin ƙasar, yana kan tafiyar aiki. Shekarunsa 56.