Moses Kunitz (1887–1978): Masanin da Ya Ware Furotin Mai Dabaibaye Tirifsin

Gabatarwa

Mai sana'ar awara a Birnin Kudu ko Gwaram ba ta kai ga suya sai ta jiƙa waken suya, ta markaɗa, ta tace, sannan ta tafasa madarar. Haka mai kiwon kaji da ya san aikinsa ba ya zuba wa tsaki ɗanyen waken sai ya sha wuta. Bayanin kimiyya na wannan hikima ya ta'allaƙa ƙwarai a kan aikin Moses Kunitz, masanin da sunansa bai yi tashe ba kamar yadda aikinsa ya yi.

Haihuwa da Karatu

An haifi Kunitz a shekarar 1887 a garin Slonim na daular Rasha, wanda a yau yake cikin ƙasar Belarus. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1909, inda ya riƙa neman abinci da rana yana karatu da dare a makarantar Cooper Union ta birnin New York. A 1913 ya shiga Cibiyar Rockefeller a matsayin mataimaki a ɗakin binciken Jacques Loeb. Ya sami digirin farko a 1916, da digirin digirgir daga Jami'ar Columbia a 1924, shekarar da Loeb ya rasu. Daga nan ya koma aiki tare da John Northrop.

Gudummawarsa

Tirifsin enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aiki a jiki. Yana fitowa daga fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi, ya gangara hanji ya daddatsa furotin ɗin abinci domin jiki ya iya tsotsewa. A wancan zamani masana na jayayya kan ko enzayim furotin ne. Gwanintar Kunitz ita ce tace sinadari har ya fito tsantsa cikin ƙwayoyi masu kama da gishiri, yadda za a iya auna shi. Shi da Northrop sun tace tirifsin ta wannan hanya, sannan a 1936 suka ware daga fankiriyas ɗin saniya wani ƙaramin furotin da ke maƙale wa tirifsin ya hana shi aiki.

Tun a 1917 Osborne da Mendel sun lura ɓeraye ba sa girma da kyau a kan ɗanyen waken suya, sai an dafa. A 1945 Kunitz ya tace furotin mai dabaibaye tirifsin daga waken, ya kuma nuna cewa ƙwaya ɗaya tasa na kama ƙwaya ɗaya ta tirifsin. Dabbar da ta dogara ga ɗanyen wake narkewar abincinta kan raunana, fankiriyas ya kumbura. Zafi kuwa yana lalata mafi yawan wannan furotin, shi ya sa tafasa ta zama tilas.

Tasirin Aikinsa

A yau ana kiran wasu dangogin waɗannan furotin da sunan Kunitz. Wanda ya ware daga saniya shi ne afurotinin, maganin da aka yi amfani da shi wajen rage zubar jini a tiyatar zuciya. Farin wake da manoman kudancin Jigawa ke shukawa yana ɗauke da wani dangin dabam, mai suna Bowman-Birk. A 1987 masana a Ingila sun dasa ƙwayar halittar da ke samar da shi a cikin taba, ganyen ya sami kariya daga tsutsa. Ashe abin da ke takura cikin ɗan Adam garkuwa ce ga tsiro.

Kammalawa

Northrop na cikin waɗanda suka sami lambar Nobel a 1946, Kunitz kuwa, duk da an gabatar da sunansa, bai samu ba. Sai a 1967 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Ya rasu a Philadelphia a watan Afrilun 1978 yana da shekara 90. Ga manazarcin al'adar abincin Hausawa, rayuwarsa na nuna cewa abin da mata suka kiyaye a madafi yana da hujjar da awo ya tabbatar.