Woldemar Voigt

Woldemar Voigt (an haife shi ranar 2 ga Satumba, 1850 a Leipzig, ya rasu ranar 13 ga Disamba, 1919 a Göttingen) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da bincike kan kiristal, da kuma wata ƙa'ida da injiniyoyi ke amfani da ita har yau wajen hasashen taurin haɗaɗɗun kayan da aka ƙarfafa da zare.

Farkon rayuwa da karatu

Voigt ya fara karatu a Leipzig, amma yaƙin Faransa da Prussia na 1870 ya katse masa shi, domin ya shiga soja. Bayan yaƙin ya koma Jami'ar Königsberg, inda ya yi karatu a hannun Franz Ernst Neumann. Ya sami digirin digirgir a 1874 da bincike kan yadda gishirin dutse ke miƙewa ko matsewa idan aka ɗora masa nauyi.

Aiki

Ya koyar a Königsberg, sannan a 1883 ya zama farfesa a Jami'ar Göttingen, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Paul Drude na cikin ɗalibansa. A 1898 ya fara amfani da kalmar tensor da ma'anar da take da ita a fiziks yanzu, kuma a 1910 ya wallafa babban littafinsa, Lehrbuch der Kristallphysik. Ya kasance mai sha'awar kiɗan Bach, har ya yi rubutu a kansa.

Ƙa'idar Voigt

A 1889 Voigt ya kawo hanyar lissafa taurin abin da ya ƙunshi ƙananan kiristal masu yawa, wato yadda yake ƙin miƙewa idan an ja shi. Ya ɗauka cewa dukkan sassan suna miƙewa daidai da juna. Daga baya aka yi amfani da wannan tunani kan zaren gilashi ko na kabon da aka zuba wa danƙo: ana ninka taurin kowane sashe da kasonsa, sai a haɗa.

Misali, idan taurin zaren kabon gigapaskal 230 ne, na danƙon epoksi kuma 3, zaren ya ɗauki kashi 60 cikin ɗari, ƙa'idar za ta ba da kusan 139. Wannan ya dace ne idan an ja abin ta tsawon zaren. Idan ta gefe aka ja shi, lissafin da András Reuss ya fitar a 1929 ya fi kusa da gaskiya, kuma kusan 7 kawai yake bayarwa. Don haka wanda ya manta da inda zaren ya fuskanta zai iya ƙera fiffiken jirgin sama da zai lanƙwashe fiye da zato. A 1952 Rodney Hill ya nuna cewa lissafin Voigt shi ne iyakar sama, na Reuss kuma iyakar ƙasa.