Ibnul Haisam, Malamin da Ya Sa Ido a Ma'auni

An haifi Abu Ali al-Hasan Ibnul Haisam a Basra wajen shekara ta 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A zamanin sarki Al-Hakim ya sauka Masar, inda ya wallafa Kitabul Manazir, juzu'i bakwai a kan haske da gani.

Hanyar bincikensa ce ta ɗaukaka shi. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, haskensu na shiga ta wata 'yar kafa, kowace fitila da ɗigonta a bango. Da ya rufe fitila guda, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da ya buɗe, ya dawo. Abu guda ya sauya, ya bar sauran yadda suke, domin kada a jingina sakamako ga sababin da ba nasa ba. A kan wannan ƙa'ida masana halayyar ɗan Adam suke gina gwaje-gwajensu a yau.

Ya kuma bayyana cewa girman da wata yake yi mana lokacin fitowarsa, kamar yadda muke gani a filayen Damargu, kuskuren kiyasin hankali ne. Ashe ko idonmu shaida ne mai bukatar tazkiya. Allah ya jiƙansa.